Feedly: Kai Ke Zaɓen Abin Da Za Ka Karanta

A ranar 13 ga Maris 2013 kamfanin Google ya ba da sanarwar cewa zai rufe Google Reader, manhajar da masu yawan karatu a intanet suke tara labaransu a cikinta tun 2005. Ya tsayar da 1 ga Yuli a matsayin ranar rufewa. Faɗuwar wani tashin wani: cikin kwana biyu kacal mutane sama da 500,000 suka kwashe komatsansu suka koma Feedly, wata ƙaramar manhaja da Edwin Khodabakchian da abokan aikinsa suka fito da ita a 2008. Ga shi an haura shekara goma tana nan daram, kuma a ganina har yanzu tana cikin abubuwa mafi amfani da mai son karatu zai ajiye a wayarsa.

Aikinta ba shi da wuyar ganewa. Yawancin jaridu da mujallun intanet suna da wani adireshi na musamman da ake kira RSS, inda duk sabon labarin da aka wallafa yake fitowa a jere, da kanunsa da lokacinsa. Tsarin ya kwana biyu: Netscape ne ya fara shi a 1999, Dave Winer ya fitar da siga ta 2.0 a 2002, kuma a kansa shirye-shiryen fodkas suke tafiya har yau. Feedly ba ta rubuta ko da layi ɗaya. Kai za ka ba ta sunan jarida ko adireshinta, ita kuma ta riƙa leƙawa tana kwaso maka duk abin da ya fito, ta jera maka wuri guda. BBC Hausa tana da irin wannan adireshi. Duk jaridar da aka gina shafinta da WordPress ma, galibi ƙara /feed a ƙarshen adireshinta ya wadatar.

Wanda ya tashi a gidan da ake kunna rediyo da asuba ya san daɗin wannan tsari. Maigida shi ke murɗa akwatinsa ya kamo tashar da yake so, ya saurari labarai daga farko har ƙarshe, in an gama ya kashe ya fita nema. Wannan ikon ne ya suɓuce mana da labarai suka koma Facebook da ire-irensa, inda wani lissafi da ba ka gani yake yanke abin da zai iso gare ka, kuma abin da ya fi tayar da ƙura shi yake sakawa gaba. A Janairun 2018 shugaban Facebook, Mark Zuckerberg, ya fito fili ya ce za su rage nuna wa mutane abubuwan da kafafen yaɗa labarai suke wallafawa. Ba a tambayi mai karatu ba. Haka kuma da gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, wanda ya saba tsintar kanun labarai a can sai da ya nemi wata dabara, alhali jaridun suna nan suna aikinsu kamar kullum.

Abin da ya fi burge ni a Feedly shi ne karatu a cikinta yana da ƙarshe. Gefen kowace jarida akwai lambar da ke nuna labarai nawa suka rage ba ka duba ba. Ka karanta waɗanda suka yi maka, ka danna maɓalli ɗaya ka share sauran, shi ke nan. Babu bidiyon da zai kunna kansa, babu zagin da ake yi a ƙarƙashin labari. In ka zaɓi tsarin kanu zalla, ba hotuna, data ma tana lafawa, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai sayen ta kaɗan-kaɗan. Sannan idan ka tara jaridu huɗu ko biyar a jaka ɗaya, za ka ga yadda kowacce ta ba da labari guda, wa ya tura wakili, wa ya kwafo takardar sanarwa ya manna. Ɗalibin aikin jarida zai koyi abu mai yawa daga wannan jeren kaɗai.

Sai dai ba a rasa abin cewa. Maɓallanta da bayananta duk da Turanci suke, babu Hausa. Tsarin kyauta ya tsaya a kafofi 100 da jaka 3. Ɗarin sun isa, amma jaka uku sun yi kaɗan ga wanda yake son raba siyasa da noma da wasanni da adabi. Binciko tsohon labari a cikin abin da ka tara kuwa sai ka biya, kuma da dala ake biyan. Ita ma tana da ɗan nata shisshigin, don takan so ta sa maka labaran da suka fi farin jini a sama. Dole ka shiga saiti ka ce mata a jera daga sabo zuwa tsoho. Tun da kamfanin ya fito da Leo, mataimakin da ke tace labarai da ƙirƙirarriyar basira, hankalin kamfanin ya fi karkata ga manyan kamfanoni, musamman masu harkar tsaron intanet. Mai karatu na kyauta yakan ji kamar an bar shi ne kawai don ba ya damun kowa.

Akwai kuma laifin da ba nata ba: wasu jaridun kanu da layi biyu kawai suke saki, sai ka bi su shafinsu ka ƙarasa, saboda talla.

Duk da haka akwai halin kirki ɗaya da ya sa nake yafe mata sauran. Feedly ba ta riƙe ka dole. Jerin kafofinka za ka iya sauke shi a fayil ɗin da ake kira OPML, ka ɗauka ka kai wata manhaja irinta, kamar Inoreader ko NewsBlur, ko Feeder ta Android wadda ba ta ma buƙatar buɗe asusu. Da irin wannan fayil mutane da yawa suka tsira da jerinsu a 2013. Ka gwada kwashe shafukan da kake bi a Facebook ka kai wani wuri, ka ga ko zai yiwu.

Ga malami, ɗan jarida, ɗan kasuwa mai bin farashi, ko duk wanda ya gaji da jita-jitar WhatsApp, Feedly ta cancanci gurbi a waya. Shawarata ita ce kada ka cika ta tun ranar farko. Ka fara da jaridu biyar da ka yarda da su, ka ba ta mako guda, sannan ka yanke naka hukuncin.