Tankar Da Aka Tsamo Daga Teku: Sharhi Kan Littafin Ken Small

A ƙauyen Torcross da ke yankin Devon, kudu maso yammacin Ingila, akwai wata baƙar tankar yaƙi a girke kusa da wurin ajiye motoci, taku kaɗan daga bakin teku. Shekara 40 ta yi a ƙarƙashin ruwa kafin wani mai gidan saukar baƙi, Ken Small, ya sa a tsamo ta a 1984. Littafinsa, The Forgotten Dead, wato matattun da aka manta, ya fito a 1988. Na karanta shi sau biyu. A karatun farko na tashi da haushin gwamnatin Amurka, a na biyu kuma na rage wa gwamnatin haushin, na ɗora wa marubucin kaɗan.

Labari biyu ne a cikin littafin. Na farko ya faru a 1944, lokacin da sojojin ƙawance ke shirin tsallaka teku su ƙwato Faransa daga hannun Jamus. Gaɓar Slapton ta yi kama da gaɓar Normandi da Amurkawa za su sauka, don haka a ƙarshen 1943 aka tashi mutanen ƙauyukan yankin, kimanin 3,000, aka mai da gonakinsu filin atisaye. Cikin daren 28 ga Afrilu 1944, manyan jiragen ruwa takwas maƙare da sojoji da motoci suna kan hanyar zuwa gaɓar, sai ƙananan jiragen yaƙin Jamus tara da suka taso daga Cherbourg suka auka musu. Biyu suka nutse, ɗaya ya lallaɓa ya kai Dartmouth da gindinsa a farfashe. Amurkawa 749 suka mutu, a wajen gwaji kawai.

Aikina rubuta manhaja ne, shi ya sa wani abu ɗaya a wannan dare ya tsaya mini a rai. Jirgin Birtaniya da ke rakiyar ayarin ya samu labarin maharan, amma jiragen Amurka ba su ji ba, saboda an yi kuskuren buga lambar zangon rediyo a takardar umarni. Kowa na sauraro, amma ba a tasha ɗaya ba. Duk wanda ya taɓa kwana yana neman dalilin da ya hana manhajoji biyu magana da juna, daga ƙarshe ya tarar lamba ɗaya ce aka rubuta ba daidai ba, ya san irin wannan kuskuren. Jirgin rakiya na biyu kuma yana Plymouth ana gyaransa. Ɗamarar ceto da ya kamata a ɗaura a ƙarƙashin hammata, da yawa sun ɗaura ta a ƙugu don ba a koya musu ba, sai nauyin kaya ya kifa su, kai a ruwa ƙafa a sama. Inda Small ya bar waɗanda suka tsira suna ba da labari da bakinsu, littafin ba ya buƙatar wani ado.

Labari na biyu nasa ne, kuma shi ya fi daɗin karatu. Tsohon ɗan sanda ne da ya koma Torcross, ya yi fama da ciwon damuwa, ya riƙa yawo a bakin teku yana tsintar harsasai da maɓallan kaki. Wani masunci ya gaya masa akwai abin da ke yaga musu taru, ƙasa da mil ɗaya daga gaɓa, a zurfin ƙafa 60. Masu nutso suka duba, suka ce tanka ce. Ya saye ta daga gwamnatin Amurka kan dala 50 a 1974, sannan ya ƙara shekara goma yana fama da ofisoshi da neman kuɗi kafin ta fito. Wanda ya taɓa bin fayil daga tebur zuwa tebur zai yi dariya a waɗannan shafuka, dariyar da ta fi kuka ciwo.

Ita tankar, Sherman ce irin wadda ake kira DD, mai iyo. Ƙarfe ne mai nauyin sama da tan 30, aka zagaye shi da tamfol da ake miƙarwa sama da bututun iska, aka sa masa farfela biyu a baya. Jikin tankar duk yana ƙarƙashin ruwa, tamfol ɗin kaɗai ke leƙowa, don haka igiyar ruwa in ta ɗan yi ƙarfi sai ta kwararo ciki. A gaɓar Omaha ranar 6 ga Yuni, wata bataliya ta saki 29 a teku, 27 suka nutse. Sai dai ta Torcross ba ta cikin jiragen da Jamusawa suka harba. Harin can nesa ya faru cikin mashigin Lyme, ita kuwa a bakin gaɓa ta nutse wajen atisaye. Wannan bai dame ni ba. Ƙabari ma ba da ƙasar da mutum ya faɗi ake gina shi ba.

Abin da ya dame ni shi ne zargin rufa-rufa da littafin ya ginu a kai. Gaskiya ne an rufe bakin kowa a lokacin, kuma da dalili: akwai hafsoshi goma da suka san sirrin saukar Normandi cikin waɗanda suka ɓace, sai da aka gano gawarwakinsu duka hankali ya kwanta. Amma an fitar da adadin mamatan a Agustan 1944. Kyaftin Harry Butcher, dogarin Janar Eisenhower, ya ambaci abin a littafinsa na 1946, tarihin da rundunar sojan Amurka ta wallafa a 1951 ma ya kawo shi. Masanin tarihi Charles MacDonald ya jero waɗannan hujjoji a wata maƙala a 1988. Bayanin yana nan a rubuce, ba wanda ya buɗe ne. Mu ma a nan, sunan Chindit na rubuce a ƙofar bariki a Zariya, na Dalet a Kaduna, duka daga yaƙin Bama da kakanninmu suka yi a wannan zamanin. Ba wanda ya ɓoye su. Mutum nawa cikin masu wucewa kullum suka san ma'anarsu?

Small ya zaɓi zargi domin zargi na da mugu, sakaci kuwa ba shi da fuska. Amma shaidar da ta fi ƙarfi a hannunsa ta sakaci ce: a 1954 Amurka ta kafa hasumiya a gaɓar Slapton tana gode wa mutanen ƙauye da suka bar gidajensu, ba ta ambaci mamatanta ko da kalma ɗaya ba. Akwai kuma batun lissafi. Bangon littafin ya ce 946. Adadin hukuma 749 ne, sojan ƙasa 551, na ruwa 198. Bambancin 197 ne, kuma kusancinsa da 198 na sa ni zargin an ƙirga na ruwa sau biyu, ko da yake wasu na danganta ragowar da waɗanda harbin 'yan uwansu ya kashe a gaɓar kwana ɗaya kafin harin. Littafin da ke tuhumar wasu da wasa da ƙididdiga ya kamata nasa lissafin ya fito fili.

Ƙorafina na ƙarshe kan kalmar "ni" ne, wadda ta cika littafin. Ya cancanci yabo, ba musu. Sai bayan tankar ta fito ne aka kafa allon tunawa na gwamnatin Amurka a gefenta a 1987, da taimakon 'yar majalisa Beverly Byron, wadda 'yar Butcher ce. Amma tsamowa aikin rana ɗaya ne, kuma ƙarfen da ya sha gishiri shekara 40 ba ya daina tsatsa don an yi masa biki. Small ya rasu a 2004. Ɗansa ya ci gaba da kula da wurin, kuma duk ƙarshen Afrilu 'yan mazan jiya na yankin, ciki har da tsofaffin sojojin tanka na Royal Tank Regiment, kan zo da tutocinsu da lambobinsu a ƙirji su ajiye furanni. Turawan Ingila ne, yawancinsu ba a haife su ba a 1944, mamatan kuma ba 'yan rundunarsu ba ne. Da littafin ya zo daga baya, babin da zan fi son karantawa shi ne na taron reshen ƙungiyarsu, inda ake gardama kan kuɗin mota da wanda zai riƙe tuta bana.