3.4 Sharhi a Kan Kalmomin Tsaron Gari a Ƙasar Yauri

A sashen da ya gabata an kawo jerin kalmomin da suka shafi wuraren tsaro da girke mayaƙa. A nan kuwa za a auna su da tarihin ƙasar Yauri, domin a ga ko sun wadatar.

Mafi yawan rubuce-rubucen da aka yi a kan yaƙin Hausawa, kamar littafin Smaldone na 1977 a kan yaƙi a Daular Sakkwato, sun fi karkata ga doki da ganuwa. Saboda haka kalmomin da suka fi fitowa su ne birni, ganuwa, badala, ƙofa, kafi da sansani. Babu shakka waɗannan sun dace da Birnin Yauri, wanda ke cikin Ƙaramar Hukumar Ngaski. Richard Lander da ƙanensa John sun sauka a garin a shekarar 1830, sun kuma bayyana shi da cewa babban gari ne mai doguwar ganuwar ƙasa da ƙofofi takwas. Ke nan kalmar birni a nan ba suna ba ne kawai, siffa ce ta gari mai ganuwa.

Inda matsala take shi ne yadda wasu masu rubutu kan yi amfani da birni, sansani da ribaɗi tamkar ma'anarsu ɗaya. Sansani zango ne na mayaƙa, ana kafa shi a tashe shi. Ribaɗi kuwa kalma ce ta aro daga Larabci, kuma tana ɗauke da manufa ta addini: gari ne da ake zaunar da jama'a a bakin iyaka domin kare ƙasar Musulunci, kamar Wurno, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna har ya rasu a 1837. Birnin Yauri ya girmi jihadin 1804 nesa ba kusa ba, kuma sarakunansa amana suka ƙulla da Gwandu, sarauta ta ci gaba a gidansu. Don haka kiran sa ribaɗi kuskure ne na tarihi, ba na harshe kaɗai ba.

Babban giɓin da aka lura da shi a wancan jeri shi ne rashin kalmar gungu. A daidaitacciyar Hausa tsibiri ake cewa, shi ya sa mai tattara kalmomin yaƙi zai ɗauke ta a matsayin kalmar yanayin ƙasa, ya wuce. Amma ga mutanen da suka zauna a tsakiyar Kogin Kwara, waɗanda Hausawa suka laƙaba wa suna Gungawa, su kuma suke kiran kansu Reshe, gungu ya yi aikin da ganuwa ta yi wa Bakano. Mahayin doki ba ya ƙetare kogi sai da jirgi, jirgi kuwa yana hannun mutanen gungu. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19, lokacin da yaƙin basasa da hare-haren gidan Nagwamatse na Kwantagora suka addabi ƙasar, ganuwar Birnin Yauri ba ta hana garin tarwatsewa ba. Fada ta bar shi, daga bisani Sarki Abdullahi Abarshi ya zaunar da ita a Yalwa, a bakin kogi, a 1888. Wannan zamani ne Mahdi Adamu ya nazarta a kundinsa na 1968 a Jami'ar Ahmadu Bello.

Haka ma kalmar tunga. Yau ƙaramin ƙauye ake nufi da ita, kuma sunayen da suka fara da Tungan suna da yawa a Shanga da Ngaski. Sai dai furucin "ja tunga", wato tsayawa a ƙi matsawa, yana nuna cewa kalmar tana da dangantaka da tsayuwar mayaƙa. Wannan bai isa hujjar cewa kowace tunga sansani ce a asali ba, domin masunta da manoma ma kan kafa tasu.

Bayan kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwa ya shanye gungaye da dama, aka mayar da mazaunansu sababbin garuruwa a kan tudu. Kalmar ta saura a sunaye, kamar mazaɓar Gungun Sarki a Ƙaramar Hukumar Yauri.