Sikelin bai yi ƙarya ba, gwajin ne gurgu

Wataƙila an taɓa nuna maka wannan gwajin a aji ko a wani gajeren bidiyo: a auna itace, a ƙona shi, a auna tokar, sai a ce to ga hujja, wuta na rage nauyin abu. Lambar da sikeli ya nuna gaskiya ce, amma hukuncin da aka yanke a kanta kuskure ne. An auna abin da ya saura a kasko kawai, an ƙyale wanda ya tashi sama.

Da mai gwajin ya ƙona lallausan soson ƙarfe maimakon itace, da ya ga nauyi yana ƙaruwa, domin ƙarfen yana haɗuwa ne da iskar oksijin ya riƙe ta. Haka ma maganiziyam: giram 24 idan ya ƙone, farar hodar da zai bari ta kai giram 40. Ka ga ke nan sakamakon ya dogara ne da abin da aka zaɓa aka ƙona.

Abin haushin shi ne, tsohon kuskure ne. Masanan Turai sun daɗe suna cewa wani abu wai shi filojistan ne ke ficewa daga duk abin da ke ci da wuta. A 1774 Antoine Lavoisier na Faransa ya gasa kuza a cikin kwalbar da ya toshe ruf, nauyin kwalbar da abin cikinta bai motsa ba. Da ya buɗe, iska ta kutsa, nauyi ya ƙaru daidai gwargwadon abin da kuzar ta ƙara. Toshewar nan ita ce gwajin itacen ya rasa.

Kuma ba maganar cin jarrabawa kaɗai ba ce. Giram 12 na kabon ɗin gawayi yana komawa giram 44 na iskar kabon dayoksaid. Wanda aka koya wa cewa gawayi ɓacewa yake yi, da wuya ya tambayi inda ya tafi in an kunna shi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu, inda ƙarancin oksijin ke sa ya fitar da kabon monoksaid mai kisa.

Ɗumamawa zalla fa, ba ƙonewa? A lissafin Einstein, kilo ɗaya na ruwa daga digiri 0 zuwa 100 zai ƙaru da kusan nanogiram 5, muddin tururi bai fita ba. Babu sikelin kanti da zai gan shi.