Tsokaci a kan Kalmomin Aikin Famfo a Kasuwar Shanu ta Potiskum

Aikin ƙirƙirar keɓaɓɓun kalmomi a Hausa ya fi karkata ga bukatun aji da ofis. A 1990 aka fitar da *Hausa Metalanguage* domin kalmomin nazarin harshe da adabi, a 1991 kuma aka sami na harkokin majalisa cikin harsuna huɗu. Sana'o'in hannu kuwa manazarta sun bar su a baya, har wasunmu na ɗaukar kalmominsu a matsayin gurɓataccen Turanci. Wannan ra'ayi ne nake son a sake dubawa.

Tun da aiki ya raba ni da gida ya kawo ni Potiskum, nakan shiga Kasuwar Shanu ran Laraba. A nan Bafillace da Bakarkare da Bangizime da fataken Nijar da Chadi duk da Hausa suke ciniki, kuma inda dabbobi suka taru haka, zancen ruwa ba ya yankewa.

Abin lura na farko shi ne nauyin da aka ɗora wa kalmar *famfo*. Asalinta sunan na'urar jan ruwa ne a Turanci, amma a Hausa ta haɗa na'urar, da bakin da ake murɗawa, da bututun, har da ruwan gwamnati kansa, kamar a ce "an kawo famfo". Masu suka na ganin talaucin harshe ne wannan. Ni ban ga haka ba, domin ban taɓa jin ɗan ga-ruwa ya ruɗe ba. Harɗantawa ke warware masa: *kan famfo*, *ruwan famfo*, *famfon tuƙa-tuƙa*. Wannan ta ƙarshe ma babu kwamitin da ya zauna a kanta. Motsin hannun mai ɗiban ruwa aka duba aka raɗa suna, kamar yadda aka kira robar ban ruwa *mesa* saboda kamarta da macijiyar. Ita mesar tana da kishiya, wato *tiyo*, wadda aka aro daga Faransanci, kuma duka biyun suna zaune lafiya a kasuwa guda. Haka *bohol* da *rijiyar burtsatse*.

Inda sukar ke da hujja shi ne ƙananan kayan haɗi. Mai gyaran famfo zai ce *elbo*, da *soket*, da *ti*, alhali ga *gwiwa* a harshen, wadda ta dace da lanƙwasar bututu sarai. Sai dai duk wanda ya je shago ya nemi gwiwa, mai yiwuwa a nuna masa rumfar mahauta. Matsalar ta wuce ma'ana, ta shafi rubutu: kalmomin ba su da tsayayyar ƙa'ida, don haka mai gida kan karɓi takardar kayan aiki da ba zai iya karantawa ba, ya biya kuɗin abin da bai sani ba. Daidaita rubutun waɗannan kalmomi yadda masu sana'ar ke furta su ya fi gaggawa a kan ƙago sababbi a ofis.