Jinjina ga Masu Sassaƙe da Saiwa

A Kasuwar Kurmi ta Kano akwai dattawan da ke zaune gaban tulin sassaƙe da saiwoyi, riƙe da ilimin da ba a koyarwa a aji. Sun san ɓawon maɗaci na zazzaɓi ne, bagaruwa kuma ta gudawa da gyambo. Abin da ya fi burge ni shi ne sanin ƙa'ida: yadda za a sassaƙi itace ba tare da an kashe shi ba, wanne ake jiƙawa, wanne ake dafawa da jar kanwa, wanne ba a ba mai juna biyu ko kaɗan. Wannan sai wanda ya daɗe yana bin mahaifinsa daji da gatari.

Masana kimiyya ma sun shaida. Niprisan, maganin sikila da cibiyar NIPRD ta Abuja ta samar, daga hannun mai maganin gargajiya ya fito, kuma cikin haɗinsa har da masoro, kanumfari da karan dafi. Tu Youyou 'yar ƙasar Sin ta samu kyautar Nobel a 2015 saboda maganin maleriya da ta ciro daga wani nau'in tazargade.

Masu lasifika a tasha, masu cewa gora guda na warkar da cuta arba'in, ba sa cikin wannan yabo. Su ke ɓata sunan sana'ar. Mai magani na gaskiya, in ciwo ya fi ƙarfinsa, asibiti yake tura ka.

Dazuzzuka na ƙarewa, dattawan kuma suna tafiya da abin da ke kansu. Jami'o'inmu su je su durƙusa gabansu su rubuta, da sunayensu da haƙƙinsu, tun suna raye.