Kyamarar da Ta Hau Sama: Salon Busby Berkeley da Gadonsa

Sa'ad da fim ya fara magana a ƙarshen shekarun 1920, masu shirya fina-finan waƙa a Amurka sukan kafe kyamara wuri guda, tamkar ɗan kallo a kujerar gidan wasa. Busby Berkeley (1895–1976) yana sahun gaba na waɗanda suka tashe ta daga wannan kujera. Tun daga Whoopee! (1930) ya riƙa ɗora ta bisa kawunan 'yan rawa, sai a ga jerin mata sun rikiɗe sun zama fure mai buɗewa da rufewa, ko tauraro mai juyawa. Wannan hoto ne da dandamali ba zai taɓa iya bayarwa ba, sai fim.

Tushen salon yana cikin tarihinsa. A Yaƙin Duniya na Ɗaya ya yi aikin soja, yana tsara fareti. Shi ya sa raye-rayen da ya shirya wa 42nd Street da Footlight Parade a 1933 ba su dogara ga gwanintar ƙafa ba. Layi da daidaito da siffar taro su ne jarinsa.

A nan ne zargi ya samu gindin zama. Idan aka kalli mace daga sama, sunanta da labarinta sun ɓace, ta koma ɗigo cikin zane. Zargin yana da ƙarfi, amma bai zagaye mutumin ba. A ƙarshen Gold Diggers of 1933, da wannan salon na fareti ya nuna sojoji suna tafiya yaƙi, suka dawo da raunuka, suka ƙare a layin karɓar burodi lokacin karayar tattalin arziki. A Gold Diggers of 1935, wanda ya ba da umarninsa gaba ɗaya, cincirindon 'yan rawa ne suka matsa wa wata mata har ta faɗo daga bene. Ashe ya san taro yana haɗiye mutum, ya kuma nuna hakan a fili.

Gadonsa ya kai ga Beauty and the Beast (1991) da The Big Lebowski (1998) da ɗimbin bidiyoyin waƙa. Sai dai yawancin magadan furen suka ɗauka, suka bar layin burodin. Mai nazarin da ya auna Berkeley da furen kaɗai, rabin aikinsa ya gani.