Tulu da Amshi: Yadda Matan Zumunta a Ƙasar Gozaki Ke Ɗaukar Wahala da Waƙa

Duk wanda yake son sanin abin da Kiristocin ƙasar Gozaki suka gaskata game da wahala, kada ya tsaya kan wa'azin fasto kaɗai. Ya dakata har a kira matan zumunta su fito ba da waƙa. A nan zai ji abin da mutanen karkara suka ɗauko daga Littafi Mai Tsarki suka mayar nasu, a bakin matan da da yawansu ba su yi nisa a boko ba. A ganina waƙar Zumuntar Mata ita ce babbar makarantar jimiri a wannan yanki, kuma ita ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Gozaki tsohon gari ne a ƙaramar hukumar Kafur, cikin ƙasar noma ta Funtuwa da Malumfashi, inda ake masara da dawa da auduga da waken suya. A bayan garuruwan Musulmi akwai gidajen Maguzawa warwatse cikin gonaki, kuma daga cikinsu ne yawancin Kiristocin yankin suka fito. Bishara ta makara kafin ta iso nan, domin gwamnatin Turawa ta daɗe tana hana 'yan mishan aiki a ƙasashen sarakuna, sai wajen shekarun 1930 ƙofa ta fara buɗewa, galibi ta hanyar jinyar kutare. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Aikin mishan ɗin SIM ya haifi ikilisiyar ECWA a 1954, limaman Katolika 'yan Dominikan daga Amurka su ma suka kafa aiki a Malumfashi. Ga shi a Disambar 2023 an naɗa Gerald Mamman Musa, ɗan wannan yanki, bishop na farko na sabuwar dayosis ɗin Katsina.

'Yan mishan sun zo da Littafin Waƙoƙi, wanda yawancin abin da ke ciki fassara ce a kan muryoyin Ingila da Amurka. Har gobe ana rera su, ana kuma ƙaunarsu. Amma suna bukatar mai karatu, kuma sau da yawa karin waƙar yana karo da hawa da saukar muryar Hausa. Matan ba su yi musu da kowa ba, sai suka koma ga abin da suka gada. Mace Bahaushiya ta saba faɗin damuwarta a kan dutsen niƙa da bakin turmi, ta yi wa kishiya habaici, ta yi kukan nisa da gidan ubanta, ba mai ce mata don me. Wannan tsari na mai bayarwa da 'yan amshi, na waƙar daka da daɓe da gaɗa, shi suka shigo da shi majami'a.

Ka dube su ranar Lahadi. Sun ɗaura zane iri ɗaya, sun yi layi biyu ko uku. Ɗaya tana zaune ta rungume tulu, tana bugun bakinsa da wani faffaɗan abu mai laushi, yana fitar da amo mai zurfi da ake ji a ƙirji tun kafin kunne ya gama ɗauka. Wata na kaɗa caki. Mai bayarwa ta ja baiti, sauran su karɓa, ƙafafu na tafiya gaba da baya a hankali. Amshin gajere ne, ana maimaita shi har yaron da ke goye ma ya kusa kamawa.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne mutanen da matan suka fi so a cikin Littafin. Ba safai suke zaɓen sarakuna da mayaƙa ba. Ayuba suke so, wanda ya rasa 'ya'ya da dukiya a yini guda. Suna son Hannatu da kishiya ta yi wa gorin haihuwa, da Na'omi da yunwa ta kora daga garinsu ta dawo ba miji ba ɗa, da gwauruwar Zarefat mai ragowar gari a tukunya. Kowace daga cikin waɗannan akwai irinta a zaune kan benci. Haka labarin almajirai cikin jirgi a Tekun Galili: mutanen da ba su taɓa ganin teku ba sun gane shi sarai, domin sun san hadarin farkon damina da ke yaye jinka da tsakar dare. Waƙar ba ta ɓoye ciwo. Tana ambatar rashin haihuwa, da mutuwar yara, da rumbun da ya ƙare tun kafin Agusta, sannan ta ce Yesu ma ya sha wuya, yana kuma tare da mai shan ta.

A nan ne aka samu sauyi babba. Masanin nan Murray Last, wanda ya zauna cikin Maguzawan Malumfashi wajen farkon shekarun 1970, ya yi rubutu kan yadda suke fahimtar cuta da magani. A tsohon tsari, idan masifa ta sauka, tambayar farko ita ce wane iska aka ɓata wa rai, ko hannun wa ke ciki. Amsar takan ci akuya da kaza, wani lokaci ta ci zumunci. Waƙar zumunta ta ɗauke hankalin mace daga neman mai laifi, ta mai da shi kan wanda zai tsaya da ita. Kuma matan ba su bar maganar a baki ba. Su ne ke tara mudun hatsi su kai wa wadda aka yi wa rasuwa, su yi mata gayya a gona, su kwana da marar lafiya a asibiti.

Shekarun nan an gwada wannan bangaskiya da wuta. A Mayun 2021 'yan bindiga suka shiga cocin St. Vincent Ferrer a Malumfashi, suka kashe Fada Alphonsus Bello, suka tafi da tsoho Fada Joe Keke. Bayan shekara guda, a Mayun 2022, suka sace Fada Stephen Ojapah da Fada Oliver Okpara a Gidan Mai Kambu, nan cikin Kafur, suka riƙe su sama da wata guda. Masifar ba ta tambayar addini: ɗalibai sama da 300 da aka kwashe a Ƙanƙara a Disambar 2020 shaida ne, kuma maƙwabta Musulmi sun binne nasu ba adadi. A irin wannan hali ne amfanin amshi ke fitowa fili. Matar da mijinta ke daji, ana cinikin kuɗin fansarsa, ba ta da bakin haɗa addu'a. Amma tana iya buɗe baki ta karɓi kalmomi huɗu ko biyar tare da mata talatin. Su ne ke riƙe mata bangaskiyar har ranar da za ta iya riƙewa da kanta.

Duk da haka akwai inda al'adar ta gaza, kuma ƙauna ce ta sa zan faɗa. Haƙuri ya yi yawa a bakinta. Matar da miji ke duka, ko gwauruwar da dangin miji suka ƙwace wa gona, takan ji waƙar jimiri inda ya kamata ta ji dattawan ikilisiya sun tsawata. Littafin da ya ba mu Ayuba shi ne ya ba mu Amos, wanda ya fito fili ya tsawata wa masu tattake matalauta. Matan da suka iya yi wa Shaiɗan habaici da waƙa suna da ikon tambayar hukuma me ya sa manomi zai biya ɗan bindiga haraji kafin ya girbe gonarsa.

Haɗari na biyu daga birni yake zuwa. Kiɗan kibod da lasifika sun shigo da waƙoƙin da ba su san komai ba sai nasara da buɗi, kamar mai bi ba ya kuka. Matasa na bin su, tulu na komawa lungu. Tsofaffin da suka tsara waƙoƙin nan a ka suke riƙe da su, kuma kowace ta rasu da nata take tafiya. Ina roƙon shugabannin zumunta, da fastoci da katikis na Kafur da Malumfashi da Funtuwa, da 'ya'yanmu da ke makarantun tauhidi: wayar da ke aljihunku ta isa. Ku zauna da iyayen nan, ku naɗi muryarsu, ku rubuta baitocin tare da sunan wadda ta tsara da dalilin da ya sa ta tsara, tun suna da rai.